Wa Ke Da Jarida? Darasi Daga Gaskiya Ta Fi Kwabo Da 'Yan'uwanta

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya a Kagarko)

  

Abin da ya tara mu yau kowa ya san shi. An daɗe ana maganar cewa ya kamata a ce muna da 'yar jarida ta mako-mako a nan Kagarko, wadda za ta riƙa kawo mana labarin garinmu da na ƙauyukan da ke kewaye da mu, daga Jere har zuwa Kubacha. Kowa ya yarda abin yana da kyau. Inda baki ya rabu shi ne wajen wanda zai mallake ta. Wasu sun ce a je a sami wani mai hali daga cikin manyanmu ya ɗauki nauyinta baki ɗaya, a huta. Wasu sun ce a kai kuka ga ƙaramar hukuma, tunda wayar da kan jama'a aikinta ne. Wasu kuma sun ce a bar wa ƙungiya. Shi ne shugabanni suka ɗora mana nauyin mu duba tarihin jaridun da aka yi a ƙasar nan, mu ga su wa suka mallake su, da yadda kowacce ta ƙare, don waiwaye adon tafiya ne. Mu dai 'yan kasuwa ne, saboda haka da idon ɗan kasuwa za mu dubi al'amarin: wa ya zuba jari, wa ke riƙe da makullin shago, kuma me ya sa aka rufe shi ranar da aka rufe.

To, bari mu fara daga tushe. Jaridar farko da aka buga a Nijeriya a Abeokuta aka yi ta, cikin shekarar 1859. Sunanta Iwe Irohin, da Yarbanci ake buga ta, tana fitowa duk bayan mako biyu, ana sayar da ita wuri 120. Wani Baturen mishan mai suna Henry Townsend ne ya kafa ta, kuma injin da ake buga ta da shi na mishan ne. Ta yi shekara takwas tana fitowa. A 1867 saɓani ya shiga tsakanin mutanen Egba da Turawan da ke mulki a Ikko, aka kori Turawan mishan daga garin, jarida ta tsaya cak. Mutanen Abeokuta suna nan, masu iya karatu suna nan, amma da mai kaya ya tafi sai kaya suka bi shi. Mu riƙe wannan, domin za mu sake gamuwa da shi a gaba.

A nan Arewa kuwa, gwamnatin Turawa ce ta fara. A 1932 ta fito da Jaridar Nijeriya Ta Arewa, wadda ake bugawa da Hausa da Larabci da Turanci. Ba ta fitowa sai 'yan lokuta a shekara, kuma akasarin abin da ke cikinta bayanin hukuma ne. Bayan shekara bakwai, a watan Janairu 1939, aka haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, a ƙarƙashin Hukumar Talifi wadda Dokta East ke shugabanta. Editanta na Hausa shi ne Malam Abubakar Imam, mutumin Kagara ta Jihar Neja ta yanzu (kada a rikita da Kagarko tamu), wanda a lokacin ya riga ya yi suna da littafin Magana Jari Ce. Da farko sau ɗaya take fitowa a wata, kuma kwabo ɗaya ake sayar da ita, kamar yadda sunanta ya nuna. Daga baya aka yi ta matso da kwanakin fitowarta, ta koma ta mako-mako, har ta kai ga fitowa sau uku a mako.

Me ya sa aka kafa ta a daidai wannan lokaci? Ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne jita-jita. Yaƙin Duniya na Biyu ya matso, magana ta bazu a kasuwanni cewa wai Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Jamus don a zauna lafiya. Hukuma ta ga ba ta da bakin da za ta yi wa talakawa magana da shi kai tsaye, sai ta hanyar sarakuna da hakimai da dagatai, kuma kafin magana ta sauko ƙasa ta canza kama. Kun ga ke nan, jaridar Hausa da ta fi kowacce daɗewa, don kashe ji-ta-ji-ta aka yi ta. Wannan ma mu riƙe shi.

Iyayenmu sun ba mu labarin yadda ake karanta Gaskiya a wancan zamani. Mutum ɗaya ke saye, ya zauna a zaure ko a gindin bishiya, ya karanta da ƙarfi, jama'a na saurare. Idan ya gama a ara wa na gaba, har takarda ta yi laushi kamar tsumma. Mutane kuma suka shiga rubuto wasiƙu daga garuruwa, suna faɗin abin da ke damunsu, ana bugawa. Malam Abubakar Imam ya riƙe aikin nan fiye da shekara goma, ya sami daraja ƙwarai a kansa. A 1943 yana cikin editocin Afirka ta Yamma da aka gayyata Ingila tare da su Dokta Nnamdi Azikiwe, a can ne ma ya gana da Lugga, ya zayyana masa matsalolin da ke damun mutanen Arewa.

Amma fa duk ƙwarewar edita, jarida ta gwamnati ce. Yana iya yin nasiha, yana iya jan kunne, amma akwai iyakar da ba zai tsallake ba, domin wanda yake so ya soka shi ne ke biyansa albashi a ƙarshen wata. Da siyasa ta kankama, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agusta 1950, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta zama ta NPC, sai 'yan adawa suka riƙa kallon Gaskiya a matsayin bakin gwamnati. Suka riƙa kai rubuce-rubucensu jaridun Azikiwe, irin su Comet da ake bugawa a Kano. Ita ma Comet ɗin ba don Allah kaɗai ta buɗe musu ƙofa ba, mai ita yana da tasa manufa ta siyasa. Kowane mai shago abin da ya ga dama shi yake kasawa a gaban shagonsa.

Yanzu mu ƙirga hannuwan da Gaskiya ta bi. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur, Zariya, da kuɗin gwamnati, jarida ta koma ƙarƙashinsa. A 1948 kamfanin ya yi mata ƙanwa ta Turanci mai suna Nigerian Citizen. Ranar 1 ga Janairu 1966 gwamnatin Sardauna ta fito da New Nigerian a Kaduna a madadin Citizen, mako biyu kacal kafin juyin mulkin da aka kashe shi a ciki, Gaskiya kuma ta koma hannun wannan sabon kamfani. Da aka raba Arewa jihohi shida a 1967, sai kamfanin ya zama dukiyar tarayya ta jihohin nan. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta karɓe shi ya koma na Gwamnatin Tarayya. A 2006 aka mayar wa jihohin Arewa 19 da shi. Bayan 'yan shekaru bashi ya yi masa katutu, ma'aikata suka yi ta bin albashi wata da watanni, daga ƙarshe Gaskiya ta ɓace daga teburin masu sayar da jarida. Jaridar da ta tsallake yaƙin duniya da yaƙin basasa da juye-juyen mulki, ranar da ta sami iyayengiji 19 sai ta rasa mai saya mata takarda da tawada. A duk wannan miƙe-miƙe da aka yi ta yi da ita, ba a taɓa tambayar masu karanta ta ba, don ba su da ko sisi a cikin jarinta.

Akwai wasu jaridu da suka fi Gaskiya kama da abin da muke so mu yi, ko da yake matasanmu da yawa ba su taɓa jin sunansu ba. A farkon shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta tashi haiƙan kan Yaƙi da Jahilci, inda Malam Ahmadu Coomassie ya zama jagoran aikin. Aka buɗe ajujuwa a garuruwa da ƙauyuka, manya suka koyi karatun boko. To wanda ya koyi karatu me zai karanta? Shi ya sa aka kafa Hukumar NORLA a Zariya a 1953, ta shiga buga ƙananan littattafai, ta kuma yi wa larduna jaridunsu. Kano na da Sodangi, Katsina na da Himma, Sakkwato na da Zaruma, Bauci na da Zumunta, Barno na da Albishir, Adamawa na da Ardo, Filato na da Gamzaki, Lardin Zariya kuma na da Bazazzaga. Kagarko a lokacin tana cikin Lardin Zariya, saboda haka Bazazzaga ita ce tamu. Kafanchan da sauran ƙasar Jama'a kuwa suna ƙarƙashin Lardin Filato a wancan zamani, tasu ita ce Gamzaki.

Waɗannan ƙananan jaridu ne masu sauƙin Hausa, masu kawo labarin gida: noma, kiwon lafiya, makarantu, ayyukan En'e. Mutum ya ga sunan gundumarsa a takarda, ya ji lalle shi ma ana lissafi da shi. Sai dai jarin duk na hukuma ne. Ana kashewa fiye da yadda ake samu, kai kaya ƙauyuka kuma yana da wuya. A 1959 aka rushe NORLA, jaridun larduna suka yi ta ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Masu cewa a kai kuka ga ƙaramar hukuma su dubi wannan da kyau. Idan gwamnatin Jihar Arewa guda, da ƙarfinta da kuɗin gyaɗa da auduga, ta ajiye kayan nan bayan shekara shida, yaya za ta kasance da ƙaramar hukuma wadda shugabanta ke canzawa bayan 'yan shekaru?

Har ila yau akwai misalin Kano. A 1980 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa kamfanin Triumph, wanda bayan jaridar Turanci ya riƙa buga Albishir da boko da kuma Alfijir da ajami. Alfijir ta yi wa irinmu 'yan makarantar allo da Islamiyya amfani ba kaɗan ba, domin dattijon da bai san boko ba yana iya karanta labarin duniya da kansa. A 2012 gwamnatin jihar ta rufe kamfanin, sai daga baya wata gwamnatin ta sake farfaɗo da shi. Wani ya buɗe, wani ya rufe, wani ya sake buɗewa, mai karatu yana gefe yana kallo.

To, sai masu cewa a sami mutum ɗaya mai hali. Shi ma an gwada. Cif M.K.O. Abiola, ta kamfaninsa na Concord, ya riƙa buga jaridar Hausa mai suna Amana a shekarun 1980. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa yana da jaridar Reporter a Kaduna tare da ta Hausa mai suna Nasiha. Mutane ne masu dukiya ta gaske, kuma sun ɗauki ƙwararrun ma'aikata. Amma da rikicin zaɓen 12 ga Yuni 1993 ya taso, gwamnatin soja ta rufe gidan Concord a 1994, Abiola ya rasu a tsare a 1998, kamfanin bai daɗe ba ya durƙushe. 'Yar'aduwa shi ma ya rasu a gidan yari a 1997. Yau ina Amana, ina Nasiha? Jaridar mutum ɗaya tana da rai muddin yana da rai, yana da kuɗi, kuma yana da sha'awa. Ɗaya daga cikin ukun nan ya kauce, shi ke nan. Daɗin daɗawa, mu nan mun san junanmu. Idan Alhaji wane ne ya sayi inji, shi ke biyan edita, ran da yaronsa ya yi rigimar fili da wani talaka, wa zai buga labarin? Baki ya ci, dole ido ya ji kunya.

Sai misali na ƙarshe daga gida. A 1998 wasu 'yan jarida da abokansu suka haɗa kuɗi suka fara buga Weekly Trust a Kaduna, sau ɗaya a mako. Sai da ta tsaya da ƙafafunta sannan suka fito da Daily Trust a 2001, a 2006 kuma suka fito da Aminiya da Hausa, wadda har yau ake karantawa. Abin lura a nan shi ne, jarin na mutane da dama ne, kowa daga aljihunsa ya fitar, sun fara da kaɗan, kuma sun san idan ba a sayi jarida ba, ba a kawo talla ba, asarar tasu ce.

Kada kuma mu ɗauka wannan ciwo namu ne mu kaɗai. A Amurka, inda kusan kowane ƙaramin gari ya saba da jaridarsa ta mako-mako, binciken Jami'ar Northwestern ya nuna cewa daga 2005 zuwa 2024 ƙasar ta yi asarar fiye da kashi ɗaya cikin uku na jaridunta, kuma yawancinsu irin waɗannan na mako-mako ne. Masu talla sun koma intanet. Da yawa daga cikin jaridun kuma iyalan da suka kafa su sun sayar wa manyan kamfanoni da ke nesa, su kuwa suka rage ma'aikata, suka haɗe wasu, suka rufe waɗanda ba sa kawo riba. Wanda ba ya kwana a gari, ba ya jin zafin rufe jaridar garin.

Wani zai ce, to tunda abin da wuya haka, ga waya a hannun kowa, ga WhatsApp ga Facebook, me za mu yi da jarida? Jama'a, ai wayar ce ta sa muke bukatarta. Mu mazauna kudancin Kaduna mun san kuɗin jita-jita, don mun biya shi da rayuka. A watan Maris 1987 rigima ta tashi tsakanin ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, cikin 'yan kwanaki wuta ta kai Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina. Waɗanda suka ɗauki makami a can ba su ga abin da ya faru a Kafanchan da idonsu ba, labari suka ji, kuma kowane baki ya ƙara masa gishiri. A 1992 maganar mayar da kasuwa a Zangon Kataf ta zama abin da ta zama, ta kuma tsallaka har Kaduna. A watan Afrilu 2011, bayan zaɓe, Kafanchan da Zonkwa suka ga tashin hankali. Babu ɓangaren da bai binne nasa ba. A 1987 da 1992 labari a mota yake tafiya. Yau kafin ka gama alwala ya kai Legas, da hoton da wataƙila ma a wata ƙasa aka ɗauka. Saƙon waya ba shi da uba, kowa cewa yake turo masa aka yi. Jarida kuwa tana da sunan edita da adireshi, idan ta yi ƙarya an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Ban da wannan, akwai bukatun yau da kullum. Daminar 2023 cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da nan Kagarko da maƙwabta, gonaki suka ruɓe, manoma da mu masu saye duk muka ji a jikinmu. A irin wannan lokaci manomi yana bukatar ya san abin da malaman gona suka ce, da inda za a sami iri mai kyau, da farashin buhu a Kubacha da Kwoi da Kachia. Manyan jaridun Abuja sukan tuna da mu ne idan an sace mutane a hanya ko an yi rikici. Ba laifinsu ba ne, ƙasa suke dubawa gaba ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ga shawararmu, mun kasa ta biyar, taro yana da ikon ya gyara.

Ta farko, jarida ta zama ta masu karanta ta. A yanka jarin ƙanana-ƙanana yadda mai shayi da mai ɗinki da malamin makaranta da uwargida mai sana'a a cikin gida za su iya saye. A sa doka cewa mutum ɗaya, ko gida ɗaya, ba zai riƙe fiye da kashi ɗaya cikin 20 ba. A yi rajista a hukumance da sunan jaridar, a rubuta sunan kowa da abin da ya zuba. Wani zai tuna mana cewa yanzu muka gama cewa iyayengiji 19 sun bar Gaskiya ta mutu. Haka ne, amma a dubi bambancin. Gwamnonin nan babu wanda ya fitar da kuɗi daga aljihunsa, kowannensu yana da gidan rediyon jiharsa da zai yi magana da shi, kuma bayan shekara huɗu ko takwas ya tafi. Mu kuwa guminmu ne za mu zuba, kuma nan za mu kwana mu tashi. Kowa ya san yadda mai zubin adashi ke sa ido a kan uwar adashi.

A nan ne kuma muke roƙon a buɗe ƙofa ga maƙwabtanmu Koro da Gbagyi da Jaba da Fulani da duk wanda ke zaune a ƙasar Kagarko, Musulmi da Kirista, su ma su sayi hannun jari, a kuma sa su cikin kwamiti. Ƙungiya tana da wannan mujalla tata domin harkokinta na cikin gida, kuma ta wadatar. Amma jaridar da muke so ta kashe jita-jita, idan ɓangare ɗaya ne kaɗai ya yarda da ita, rabin aiki za ta yi. Ranar da hankali ya tashi, muna so mutumin Kubacha ya karanta ya ce, tunda su suka faɗa haka ne, domin har da kuɗinsa a ciki. Hausa dai kowa na jin ta a kasuwanninmu, ita ce za ta haɗa mu. Manyanmu masu hali kuma ba a kore su ba. Su sayi rabonsu kamar kowa, su kawo tallar kayansu su biya, wanda Allah Ya hore wa ya ba da kyautar kwamfuta ko injin bugawa, a yi masa godiya a bainar jama'a, a kuma rubuta cewa kyauta ce ba ta da sharaɗi.

Ta biyu, a raba mai jari da mai alƙalami. A ɗauki edita mutum ɗaya sananne, mai amana, wanda ba ya riƙe da muƙami a wata jam'iyya. A rubuta yarjejeniya cewa babu mai hannun jari, ko da shugaban ƙungiya ne, da zai buga masa waya ya ce a cire labari ko a sa. Mai ƙorafi ya kai wa kwamitin dattawa da za a naɗa domin haka. Edita kuma ya ɗauki matasa biyu ko uku, maza da mata, yana koya musu aiki, don kada ran da ya tafi jarida ta bi shi kamar yadda ta Abeokuta ta bi mai ita.

Ta uku, maganar kuɗi, nan ne fagenmu. Shekara tana da mako 52. A je wurin masu ɗab'i a tambayo kuɗin bugu ɗaya, a haɗa da ladan edita da kuɗin mota, kada a fara sai an tara abin da zai ɗauki fitowa 26, wato wata shida, ko da ba a sayar da ko ɗaya ba. Kada a raba ta kyauta, ko kaɗan ne a biya, domin abin da mutum ya sa kuɗinsa shi yake adanawa. Kada a ba dillali sabon kaya sai ya kawo kuɗin na makon jiya, duk mun san yadda bashi ke cinye shago. Talla a rubuta a kanta cewa talla ce. Ɗan siyasa na kowace jam'iyya farashinsa ɗaya, kuma ya biya kafin a buga. Ƙaramar hukuma idan tana da sanarwa ta kawo ta biya kamar kowane mai ciniki. Duk wata uku a buga lissafin shiga da fita a cikin jaridar kanta, kowa ya gani, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ta huɗu, abin da za a riƙa bugawa. Farashin citta da masara da dawa da waken soya da dabbobi a kasuwanninmu. Haihuwa da aure da rasuwa da cigiya. Ranakun rigakafi da awon ciki. Halin da makarantu da hanyoyi da rijiyoyin burtsatse suke ciki. Abin da aka zartar a zaman sulhu tsakanin manoma da makiyaya. Idan labari ya shafi mutum biyu, sai an ji ta bakin kowannensu. Kalmar "an ce" kada ta shiga jaridarmu sai an san wanda ya ce. Idan an yi kuskure a gyara a mako mai zuwa, a daidai shafin da aka yi shi. A tuna kuma akwai dokar ɓata suna, kuma masu jarida ne za su amsa a gaban alƙali.

Ta biyar, a fara da kaɗan. Shafi huɗu sun isa, amma ta fito a ranar da aka yanka ko ana ruwa ko ana iska, don cika alkawari shi ke kawo mai saye. A ware wani gefe na ajami domin dattawa. A liƙa kwafe a tasha da bakin kasuwa. A ɗauki hotonta a tura ta waya ga 'yan'uwanmu da ke Abuja da Kaduna da Kano, su ma su biya nasu. A sami mai murya ya karanta manyan labarai a naɗa, domin waɗanda ba sa karatu, kamar dai yadda ake yi wa iyayenmu a zaure. Kowace fitowa kuma a ajiye kwafe biyu a wuri mai kyau, ƙarshen shekara a ɗinke su. Masu bincike har yau suna neman tsofaffin kwafen Gaskiya don su san yadda aka yi rayuwa a 1940 da 1950. Jikokinmu su ma za su so su san nawa aka sayar da buhun citta a zamaninmu, da wanda ya gina ajin farko na makarantarsu.

Jama'a, hanyar nan da muka kawo ta fi sauran wahala, ba mu ɓoye muku ba. Tara kuɗi daga hannun mutane da yawa yana cin lokaci, za a yi gardama, wani ma zai yi fushi. Zuwa wurin mutum ɗaya ya fi sauri, cikin mako guda sai a ga jarida. Amma mun ga inda ta mishan ta ƙare, mun ga ta gwamnati, mun ga ta attajirai, gani ga wane kuwa ya ishi wane tsoron Allah. Muna roƙon kafin a tashi daga wannan taro a naɗa mutum bakwai, a cikinsu har da mata da matasa, su je su tambayo kuɗin ɗab'i da na rajista, su gana da shugabannin maƙwabtanmu, su kawo mana rahoto a rubuce a taro mai zuwa. Idan lissafi ya nuna za mu iya, mu sa hannu. Idan bai nuna ba, mu dakata mu ƙara shiri, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

 Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka yi wa harshen Hausa hidima da alƙalaminsu. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai albarka.